Muhawara: Karatun Girka da Rum na dā ya gama yayinsa a jami'a?

Injiniya: Salamu alaikum jama'a. Ɗan yayata ya zo min da maganar wai Jami'ar Ibadan zai cike, sashen nazarin Girka da Rum na dā. Na ce masa ba dai da guminmu ba. Kuma ina nan a kan bakana: wannan karatu ya gama yayinsa. Masu shi ma sun fara sakinsa. A 2021 Jami'ar Howard ta Amurka ta rushe sashenta, a shekarar kuma Princeton ta ce ɗalibin fannin zai iya samun digiri ko bai koyi Girkanci ko Latin ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Malamin Tarihi: Wa alaikumus salam. Injiniya, ka zuba gero da dawa a buhu ɗaya. Howard ta rushe sashe, gaskiya ne, kuma ai ba a yi shiru ba, har Cornel West, fitaccen farfesan nan baƙar fata na Amurka, sai da ya fito a jarida ya soki matakin. Princeton kuwa ba ta rufe komai ba. Ƙofa ta buɗe wa yaran da ba su samu Latin a sakandare ba. Ni dai a wurina kuskure suka yi, don wanda bai iya harshen ba, duk inda mai fassara ya ajiye shi nan zai kwana.

Hajiya Lauya: Malam, kada wani ya kawo min zancen wai lauyoyi na buƙatar Latin, don na san nan za a je. Kullum muna faɗin kalmomin Latin irin su habeas corpus a kotu, haddacewa muka yi kamar karatun aku, kuma aiki na tafiya. A nan ina bayan Injiniya.

Malam na Zaure: Ku yi haƙuri in sa baki, ni bokona bai yi nisa ba. Amma wannan Girka da kuke magana kamar wata baƙuwa, ai ta daɗe a zaurukanmu, rawani kawai ta naɗa. Lokacin da muke karatun manɗiƙi, wato ilimin ƙa'idojin tunani da kafa hujja, malaminmu, Allah ya jiƙansa, yakan share ƙasa da tafin hannu ya zana da yatsa: ga jinsi, ga nau'i, ga fasali. Dabba jinsi ce, mutum nau'i ne, hankali da magana shi ne fasalin da ya raba shi da jaki. Sai ya kalli wanda ke gyangyaɗi ya ce, ban da wasunku. Littafin da ake kira Isaguji na Abhari, sunan nasa ma Girkanci ne, ma'anarsa gabatarwa, kuma tushensa gabatarwar da wani masanin falsafa, Farfuriyus, ya yi wa manɗiƙin Aristo, babban masanin falsafar Girka. Sullam na Ahdari ma a kan wannan turba yake. Ko a can malamai sun saɓa: Ibnus Salah da Nawawi sun haramta, Gazali ya ce a koya. To kun ga wannan gardama ta girme mu duka.

Injiniya: Allah ya gafarta Malam, ai ka ƙara min ƙarfi ne. Tunda mun samu abin ta Larabci, me za a yi da sashe guda da albashin farfesoshi?

Malamin Tarihi: To wa ya juya shi zuwa Larabcin? A Bagadaza, zamanin Abbasiyawa, sai da aka samu irin su Hunainu ɗan Ishaƙa, wanda ya rasu a 873, suka zauna suka ƙware a Girkanci, sannan aka samu likitancin Jalinus, shahararren likitan Girka, da Larabci. Da halifofin lokacin sun yi irin lissafinka, da Ibn Rushdi, mai sharhin littattafan Aristo, bai samu abin da zai yi wa sharhi ba. Kuma ga abin da ya fi ɗaukar min hankali: akwai rubuce-rubucen Jalinus da asalinsu na Girkanci ya ɓata, sai a fassarar Larabci kaɗai suka rage. Wanda ya haɗa harsunan biyu, shi ake nema ruwa a jallo a fannin, kuma ba su da yawa. Yaron da ya tashi da Larabci tun daga allo ya riga ɗan Ingila cin rabin tafiya.

Ƙanin Ango: Ni matsalata daban ce. Karatun 'yan mulkin mallaka ne. Turawa suka kafa shi a Ibadan a 1948 don mu riƙa jinjina wa kakanninsu.

Ɗaliba: Yaya, rabin maganarka gaskiya ce, haka aka koyar da shi da farko. Amma daular Rum ba ta Turawa kaɗai ba ce. Septimius Severus da ya hau mulkinta a 193 haifaffen Leptis Magna ne, a Libiya ta yau. Agustin kuma, babban malamin Kirista da ya yi rubutu da Latin, a ƙasar Aljeriya ta yanzu aka haife shi. In muka bar musu fannin, su za su ci gaba da ba da labarin arewacin Afirka yadda suka ga dama.

Baba Injiniya, ga wadda za ta yi maka daɗi. Dutsen Vesuvius na Italiya da ya yi aman wuta a shekara ta 79 ya mayar da naɗaɗɗun takardu gawayi a garin Herculaneum, in aka buɗe su sai su ruguje. A 2023 wani ɗalibin kwamfuta ya yi amfani da hoton cikinsu da ƙirƙirarriyar basira ya fito da kalma ta farko ba tare da an warware takardar ba, kalmar da ke nufin launin shunayya. Amma da haruffan suka bayyana a fuskar kwamfuta, masana Girkanci aka kira suka tabbatar da abin da aka rubuta.

Injiniya: Wannan kam ta burge ni, 'yata. Amma har yanzu ba wanda ya amsa min: in ya gama bautar ƙasa, ina zai kai takardar?

Malamin Tarihi: Ba zan yi maka ƙarya ba, guraben kaɗan ne. Koyarwa, ko ci gaba da karatu a waje, ko ya juya zuwa aikin jarida ko lauya. In kuɗi yake nema da wuri, kada ya je.

Hajiya Lauya: To kun ji. Uwarsa ɗinki take yi fa.

Malam na Zaure: Injiniya, kafin a yanke masa hukunci, a tambaye shi ina ya tsaya a Larabci. In ya yi Ajurumiyya, ka turo min shi ranar Alhamis bayan la'asar in gwada shi.