Wata uku kuɗin zakkata na tafiya a maganin Mama: na yi wa Allah sata ke nan?

Salama a gare ku 'yan'uwa a cikin Almasihu. Ni malamar firamare ce a Kafanchan. Tun muna yara Baba ya koya mana cewa in ka samu goma, ɗaya na Ubangiji ne, kuma tun da na kama aiki ban taɓa tsallake wata ba. Amma tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 albashi ba ya kai mu tsakiyar wata. Maigidana magini ne, wani lokaci sai ya yi mako biyu ba a kira shi aiki ba. Ga Mama da hawan jini da ciwon sukari, ni ce babba. Wata uku ke nan kuɗin zakkata a kantin magani yake ƙarewa. Ranar Lahadi aka karanta Malakai 3:8, inda Allah ya ce mutanensa suna yi masa sata a zakka da baiko, na kasa ɗaga kai har aka tashi sujada. In ci bashi in biya na wata ukun? Zuciyata ba ta kwanta ba.

Wani dattijon ikilisiya daga Zonkwa:
'Yata, kada ki ci bashi. Ki buɗe Markus 7:9-13. Yesu ya tsauta wa Farisiyawa don sun bar mutum ya ce wa iyayensa abin da zai taimake su da shi ya zama keɓaɓɓe ga Allah, daga nan ya wanke hannunsa daga kula da su. Ya ce da haka suna soke maganar Allah. Bulus kuma ya gaya wa Timoti cewa wanda bai kula da mutanen gidansa ba ya yi musun bangaskiya. Ko a Shari'ar Musa ma, Maimaitawar Shari'a 14:28-29 ta ce zakkar kowace shekara ta uku a tara ta a gari don Lawiyawa da baƙi da marayu da gwauraye su ci su ƙoshi. Ba atamfa kika saya ba, ran mahaifiyarki kike riƙewa. Shekarata da yawa ina ƙirga baiko bayan sujada, kuma abin da ya fi ba ni tsoro shi ne mai hali da ke sa canji, ba irinki ba.

Wata uwa daga zumuntar mata a Jos:
Baba, na ji maganarka, amma ni ba zan ce mata ta daina gaba ɗaya ba. Lokacin da maigidana ya rasu ya bar ni da yara huɗu, ƙosai nake soyawa. Kowace yamma in na ƙirga riba sai in ware ɗaya cikin goma in sa a gwangwani. Ban yi arziki ba, kada wani ya ruɗe ki da wannan. Amma gwangwanin nan ya hana ni mantawa da wanda yake ciyar da mu. Gwauruwar da Yesu ya yaba wa anini biyu ta saka. Ƙanwata, ko naira 500 ce, ki riƙa saka wani abu, hannu kada ya saba da rufewa.

Wani matashi daga Kaduna:
Anti, abin da yake damuna shi ne yadda wasu masu wa'azi suka mai da zakka ciniki: ba da dubu, karɓi dubu goma. Allah ba adashe yake yi da mu ba. A 2 Korantiyawa 9:7 an ce kowa ya bayar yadda ya yi niyya a zuciyarsa, ba da ɓacin rai ko tilas ba. Babi na 8 aya ta 12 ma ta ce ana karɓa gwargwadon abin da mutum yake da shi.

Wani manomi daga Billiri:
Mu buhu muke ƙirgawa. Shekarar da masara ta ba da goma, ɗaya ya tafi majami'a ran godiyar kaka. Shekarar fari ba wanda ya zo ya ce in ranto hatsi.

Wani mai bishara:
'Yar'uwa, abu ɗaya ba a faɗa ba. Fastonku ya san Mama ba ta da lafiya? Malakai ya ce a kawo zakka domin a sami abinci a gidan Allah, kuma kina cikin waɗanda gidan nan ya kamata ya tallafa. Ki je ki same shi tare da maigidanki. Ki kuma zauna da ƙannenki a raba kuɗin magani, kasancewarki babba bai ce ke kaɗai ba.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Baba, na karanta Markus 7 da daddare har na yi hawaye. Ba zan ci bashin ba. Na kira ƙanena da ke Abuja, ya ce zai ɗauki maganin sukari daga wannan wata. Mama ta Jos, na samo gwangwani. Ranar Laraba bayan addu'a za mu ga Fasto, ku sa mu a addu'a, don har yanzu kunyar buɗe baki nake ji.