“Suna linzami ne”: ma'anar sunan ce ke jan yarinya ko mai sunan?

Uwar Biyu: Assalamu alaikum. Ƙanwata ce da tsohon ciki, an ce mata mace ce, ta ƙudura za ta sa mata Hadiza. Sai wata ƙawarta ta duba a waya ta ce wai Khadija a Larabci na nufin bakwaini, jaririyar da aka haifa watanninta ba su cika ba. Tun ranar hankalinta bai kwanta ba, abin da take ta maimaitawa shi ne, “Yaya, suna fa linzami ne.” Ni na taso ina jin karin maganar nan, amma ban taɓa zama na auna ta ba. Nufinta ke nan ma'anar suna na jan mai shi?

Baba Tsoho: Wa'alaikumus salam, 'yata. Ni ba haka na san ta ba. Duk wanda ya taɓa hawa doki ya san linzami ƙarfe ne a baki, ka ɗan ja shi dama, doki ya karkata dama. Haka suna yake. Mace na tafiya cikin taro ta yi nisa, ka ɗaga murya ka ce “Hadiza!” sai ka ga ta tsaya cak ta waiwayo, ko da ba da ita kake ba. A nan ake faɗin ta. Ba ruwanta da ƙamus.

Auta: Baba, a gafarce ni, mu kam ba a wannan gurbin muke jin ta ba. Idan aka tsokani wata Sabira ta danne zuciyarta, nan ne za ka ji an ce suna linzami. Wato ta bi sunanta.

Mai Alƙalami: Ƙawar nan ba ta yi ƙarya ba, “khadij” bakwaini ne a Larabci. Amma in da ƙamus za a bi, sunaye nawa ne za su tsira? Faɗima daga kalmar yaye ta fito. Hafsa daga “hafs”, ɗan zaki. Zainab, a wurin masana lugga, wata bishiya ce mai ƙamshi. A'isha ce ma'anarta ta fito fili, mai rayuwa. Ban taɓa jin uban da ya ce yana son Faɗima saboda yana sha'awar yaye ba. Ana sa Khadija ne don Nana Khadija: 'yar kasuwa mai dukiya, ta farko da ta yi imani, wadda shekarar rasuwarta, wajen 619 Miladiyya, aka kira ta shekarar baƙin ciki. Wannan matar ake so yarinya ta yi koyi da ita. Af, shi kansa linzamin ma aro ne, daga “lijam” na Larabci.

Malama: Malam, na yarda da rabin maganarka, amma kada mu mayar da ma'ana ba komai ba. Ya zo a Sahihu Muslim cewa Annabi (SAW) ya canja wa 'yar Sayyidina Umar suna daga Asiya, mai saɓo, zuwa Jamila. Sai a kula, wannan Asiyar da harafin ainun da sadun ake rubuta ta, daban take da Asiya matar Fir'auna mai alifi da sinun. A bakinmu ne suka zama ɗaya. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne Barra. Ma'anarsa mai yawan biyayya da kirki, suna mai kyau, amma aka mayar da shi Zainab, saboda kada mutum ya riƙa tsarkake kansa. Ke nan an kwance linzami don ya yi muni, an kuma kwance wani don ya cika yabon kai. Khadija kuwa ba a taɓa shi ba.

Auta: To Talatu fa? Ina linzaminta zai kai ta?

Mai Alƙalami: Zuwa uku, don Talata daga “salasa” ce! Ai irin waɗannan baya suke kallo. Ladi, Laraba, Lami, Jummai, Asabe, duk rana suke faɗa. Azumi wata take faɗa. Kande ta ce maza ne suka gabace ta, Hassana ta ce ba ita kaɗai ta zo ba. Labarin haihuwa ne kawai, ba su yi alkawarin hali ba.

Baƙuwar Zaure: Ba mu kaɗai ba ne. Cecilia a Latin ta samo asali daga kalmar makaho, Claudia daga gurgu, amma iyaye a Turai suna sa su saboda waɗanda suka yi suna da su. Sannan a daina haɗa Safiya da Sofiya. Ta farko Larabci ce, tsarkakakkiya ko zaɓaɓɓiya, ta biyu Girkanci ce, hikima. Na ga wani shafin sunaye ya cakuɗa su, shi ya sa ban cika sakin jiki da abin da waya ke nunawa ba.

Gwaggo: Ku dai yi ta nahawunku. Ni na yi maƙwabtaka da wata Halima, an ce ma'anarsa mai haƙuri. Kaza ta shiga tsakar gidanta sai unguwa ta ji. Hali zanen dutse, wannan ita ce karin maganar da ban taɓa ganin ta faɗi ƙasa ba.

Baba Tsoho: Gwaggo, ai linzami bai taɓa juya doki shi kaɗai ba, sai da hannu a kansa. Halimar taki wa ya zaunar da ita tana ƙarama ya ce mata, “Kin san sunan wa kika ci?” Amma har yanzu ina kan bakana, Auta. Ta kira da amsawa ce ta asali, taku daga baya aka ɗora.

Auta: Baba, in an ɗora ta kuma ta zauna daram, ai ta zama tata.

Uwar Biyu: Na gode ƙwarai. Na karanta mata duka, ta fi yin dariya a kan kazar Gwaggo. Hadiza na nan. Sai dai yanzu maigidan nata ya ce a haɗa mata da Zainab da Hafsa, kowace kaka a faranta mata.

Gwaggo: Sunaye uku a kan jaririyar da ba ta ma sauka ba? Ku gaya masa linzami ya fi ƙarfin bakin kaza.