Kowa ya ci ladan kuturu... to a nan wane ne ya ci ladan?

Ɗan Rumfa:
Assalamu alaikum jama'a. Wata magana ce ta tsaya mini a rai tun ranar kasuwa. Baffana hatsi yake sayarwa, ya haura shekara talatin a rumfa ɗaya. Shekaranjiya yaran ƙaramar hukuma suka zo masa da rasit har kala uku, na rumfa, na shara, da na sauke kaya. Baffa ya nuna musu kwatar da ta toshe tun damina da jujin da ke bayan rumfarsa, ya ce, "Ku gaya wa maigidanku, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski." Sai ɗaya daga cikinsu, yaron da bai kai sa'an autan Baffa ba, ya ce, "Alhaji, ai ku kuka ci ladan. Ranar zaɓe wa ya karɓi taliya da sabulu? To ku daure ku yi askin." Wallahi sai da aka rirriƙe Baffa, mutumin da ko ƙwayar magi ta ɗan siyasa ba ta taɓa shiga gidansa ba. Rashin kunyar yaron daban, amma maganarsa ta hana ni sukuni. Tsakanin mai karɓar haraji da mai karɓar taliya, wa karin maganar nan ta hau kansa?

Malam Na Zaure:
Wa alaikumus salam. Baffanka ne ya ajiye maganar a mazauninta. Magana ce ta alƙawari, ka karɓi haƙƙin mutum tun kafin aiki, to ƙyama ba ta zama maka uzuri. Hukuma ta karɓi kuɗin shara, sharar ta zama bashi a wuyanta. Da umarnin cika alƙawari aka buɗe Suratul Ma'ida. Shi kuma yaron a nemi ubansa a gaya masa, don ba a yi wa furfura haka.

Bazazzagi:
Allah ya gafarta Malam, kenan mu ne kutaren? Ko da yake ba a yi ƙarya ba. Yatsan da ka dangwala ƙuri'a da shi ba a ƙirga ba, me ya raba ka da mai dungu?

Maman Khalifa:
Don Allah a daina wannan wasan. A asibiti nake aiki, ina ganin masu wannan lalura. Kuturta tana warkewa, maganinta kuma kyauta ne, abin da ke hana mutane zuwa da wuri shi ne irin wannan dariyar. A yi karin magana, amma a san da su waye ake yi.

Bazazzagi:
Tuba nake Hajiya. Da masu ƙidayar ƙuri'a nake.

Mai Shayi Na Bakin Tasha:
Ni fa ina ganin yaron nan ya faɗi gaskiya, bakinsa ne kawai ba shi da linzami. A gabana aka raba taliya leda biyu-biyu a layinmu, da dattawa a cikin masu miƙa hannu. Wanda ya sayi kujera ai kasuwanci ya yi, sai ya mayar da uwar kuɗi ya nemi riba. A ina zai samo? A teburina da rumfar Baffa.

Ɗan Kurmi:
Mai Shayi, wace ƙuri'a aka saya a zaɓen ƙananan hukumomi? Ai ba a ma bukatar saye. A Kano a Janairun 2021 jam'iyyar da ke mulki ta cinye kujerun ciyaman 44 duka. A Oktoban 2024 wata jam'iyyar ce ke mulki, ita ma ta cinye 44 duka, da kansiloli 484. Ka leƙa sauran jihohi, kusan duk haka ne, wanda ya naɗa hukumar zaɓen jiha shi ke lashe akwati. To idan ciyaman ya ci lada, ladan wanda ya rubuta sunansa ya ci, kuma shi yake yi wa aski kowane ƙarshen wata. Baffa ba ya cikin lissafin.

Jikar Wanzami:
Ku ba ni wuri, wannan magana a gidanmu ta faru, ba a baki kawai ba.

Kakana wanzami ne a wani ƙauye gabas da Kano, zamanin En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, tun ana kashe fam da sule. Iya, kakata, Allah ya jiƙanta, ita ta ba ni labarin, ta maimaita mini ya fi sau ashirin tana tsifar kaina. Ta ce da an cire gyaɗa an kai sikeli, sai mai unguwa ya fito da malamin haraji, gida-gida, kowane baligi da kuɗin kansa. Wata shekara gyaɗa ta ƙi, Kaka ya sayar da akuyar Iya, ya haɗa da abin da ke cikin zabira, aka ƙirga, saura sule uku. Kwana biyu ba ya iya cin tuwo.

Akwai wani bawan Allah mai wannan lalura da ke zaune a bukka gindin tsamiya a bayan gari, ran Juma'a yake shigowa bara ƙofar masallaci. Ba wanzamin da ke taɓa kansa, sumarsa har ta dunƙule. Ashe ya ji labari. Bayan lisha sai ga sallama daga nesa, bai ko shigo zaure ba. Ya ajiye ƙullin tsumma a bakin ƙofa, ya ce, "Sarkin aska, ba rance ba ne, ba kuma sadaka ba. Ladan aski ne, na biya na shekara." Ya juya. Sule uku cif, duk kwabbai da sisi na bara.

Iya ta ce ita da hannunta ta zuba kuɗin a ƙwarya ta wanke da toka da ruwan zafi, kuma duk sanda ta zo nan a labarin sai ta ce Allah ya yafe mata. Da safe Kaka ya kai wa mai unguwa, ya karɓo takarda ya ninke ya cusa a hula.

Daga nan fa sai ƙafa ta yi nauyi. Yau ana suna a wani ƙauye, gobe akwai ƙaho, jibi aska ba ta da kaifi. Har ya koma fita ta bayan danga don kada ya bi ta tsamiya. Ran kwana na biyar ya dawo ya tarar da zabirarsa a ƙofar ɗaki, akushi kuma a kife. Iya ta ce masa, "Malam, ka ci, saura aski. Ba na tuƙa wa mai bashin miskini tuwo." Ta ce ya daɗe yana kallonta, sannan ya sunkuya ya ɗauki zabira. Ya ware aska guda ya naɗa mata jan zare a ƙota, ya tafi gindin tsamiya.

Gari ya ɗauka. Mutane suka janye kawunansu, har wata mai jego ta aiko a ce kada ya zo askin jariri. Mako uku ba ko kwabo. Ran kasuwa sai mai unguwa ya zo da kansa, ya tuɓe rawani a tsakiyar jama'a, ya zauna kan tabarmar Kaka ya ce a yi masa ƙwal. Shi ke nan aka dawo. Kaka kuwa bai tsaya a shekara ɗaya ba, duk bayan mako biyu yana can gindin tsamiya har mutumin ya rasu. Askar nan mai jan zare na gan ta da idona a ƙasan adakar Iya, cikin tsumman atamfa, ta yi tsatsa.

Maman Khalifa:
Allahu Akbar. Kin sa ni hawaye. Allah ya jiƙan Iya, ya jiƙan mai sule uku.

Malam Na Zaure:
Amin. Ku lura da mai unguwar nan. Ya san wanda gonarsa ta ƙi, sahu ɗaya suke tsayawa da wanda yake karɓar haraji a hannunsa, gobe kuma shi zai bi gawarsa. Kunya tana taka masa burki. Tun da gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya karɓe ragama daga hannun masarautu, mai karɓar kuɗi ya zama baƙo, ba ka san gidansu ba balle ka kai ƙara wurin ubansa.

Ɗan Sawaba:
Malam, da girmanka, kada a shafa wa En'e zuma. Labarin Iya mai daɗi ne, amma ku tambayi kanku me ya sa magidanci ya kasa cin tuwo a kan sule uku. Nawa kakan an tsayar da shi a ƙofar dagaci yana kallon rana har ya faɗi, a kan haraji. Wasu barin gari suke yi da dare. Kan irin wannan aka kafa jam'iyyar NEPU a 1950, su Malam Aminu Kano suka sha wuya, kuma da Abubakar Rimi ya hau gwamna a 1979 ya soke haraji da jangali a Kano, Balarabe Musa ma ya soke a Kaduna. Ba a banza talakawa suka yi guɗa ba.

Malam Na Zaure:
Ban musa ba ɗana, an yi zalunci. Amma wancan guda ɗaya ne, da sunansa, da lokacinsa, ka biya ka huta sai baɗi. Yau fa? Ka sayi katin waya an cire, ka tura dubu goma an cire naira hamsin, ka sauke buhu an karɓa, ka ɗora buhu an karɓa. An soke mai suna, an kawo marasa suna.

Bafulatanin Birni:
Jangali dai kada a dawo da shi. Kakanmu cewa yake shanu ba su iya ƙirguwa sai malamin jangali ya tafi.

Kanuri Ba Tsoro:
Ai shi ya sa har gobe ba wanda ya san adadin ku, bare na shanunku. Bawana, kawo jangalin bana nan wurin ubangidanka.

Bafulatanin Birni:
Ji Babarbare! Ka fara biyan kuɗin nonon da kakanninka suka sha bashi.

Ɗan Maraɗi:
Gaisuwa gare ku 'yan uwa. Mu nan lanho muke ce mishi, tsofaffinmu har yau in sun tuna lanhon Nasara sai sun girgiza kai. Mun zaɓi magadan gari, a watan Afrilun 2024 soja suka rushe majalisun, suka naɗa nasu. Mai tikitin kasuwa kuwa bai yi fashin rana ɗaya ba. Mu wajenmu in an ce ladan kuturu, gargaɗi ne tun kafin ka karɓa, wato kada ka miƙa hannu ga abin da ba ka iya biya. Ba a jiran sai an ci.

Ɗan Kurmi:
To ka ji wata fassarar kuma. Kenan da mai taliya take.

Mai Shayi Na Bakin Tasha:
Abin da nake faɗa tun ɗazu!

Ɗalibar Lauya:
Yayyena, a shari'ance ma akwai magana. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa kuɗin ƙananan hukumomi 774 a ba su kai tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon ajiye kantoman riƙo a madadin zaɓaɓɓu. Shi ya sa kuka ga jihohi sun yi ta rige-rigen shirya zaɓe a ƙarshen shekarar. Sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a Yunin 2025 kuma ta ɗauke harajin kuɗin shiga ga wanda abin da yake samu a shekara bai wuce naira 800,000 ba. Baffa ya nemi a nuna masa dokar da ta halatta kowane rasit, haƙƙinsa ne.

Bazazzagi:
Ƙanwata, yaron da ya zo da gora kike so a tambaya doka? Akwai wani ciyaman, ban faɗi suna ba, in ka ajiye shi a tasha ba zai gane hanyar sakatariyarsa ba. Yana birni, sai an yi albashi yake leƙowa. Rijiyar burtsatse ɗaya ya ƙaddamar sau biyu, an dai sake mata fenti.

Ɗan Kurmi:
Wannan ai naku ne, a Zariya ake irin wannan hikimar.

Bazazzagi:
Bakano, ku da aka raba wa matasanku baro aka kira shi tallafi har da kiɗa? Wanzami dai ba ya son jarfa. A je gidajen masu aiko yaran nan a ga ko akwai rasit ko ɗaya da suka taɓa biya.

Hajiya Mai Atamfa:
Ni abin da ke ci mini rai ba kuɗin ba ne. Shagona na gada daga mahaifiyata, da safe ɗaya na zo na tarar an shafa masa jan fenti wai ya shiga hanya, hanyar da shagon ya girme ta. Ba wanda ya zauna da mu, ba a kira mai unguwa ba, ba a kira shugaban kasuwa ba. Hukuma ta tsare mana dare, ta gyara kwata, ta bar mu mu nemi halalinmu, iyakar abin da muke roƙo kenan. Marayun layinmu mu muke ciyar da su da zakkarmu, ba mu taɓa jiran kowa ba.

Kanuri Ba Tsoro:
Ki yi haƙuri Hajiya. Zaɓe na matsowa, aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi.

Ɗan Sawaba:
Goshin wa? Namu ko nasu?

Ɗan Rumfa:
Na gode jama'a. Yanzu na dawo daga wurin Baffa, na karanta masa labarin Iya, ya sa na maimaita wurin akushi. Ya biya na rumfa, ya ce wannan tun zamanin mahaifinsa ake biya. Na shara ya rantse ba zai bayar ba sai ya ga mota. Su goma sha ɗaya na layin hatsi sun yi karo-karo, gobe masu baro za su yashe kwatar. Yaron kuma an gano gidansu, ashe jikan wani abokin Baffa ne.

Maman Khalifa:
Jikar Wanzami, askar tana nan kuwa?

Jikar Wanzami:
Da aka raba kayan Iya kawuna ya ɗauka, shi ya gaji zabirar. Zan tambaye shi in na je gida da Sallah.