An ba ni aiki a ƙauyen Manitoba, in kwashi iyali mu bar Toronto?

Baban Hanifa: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, kuma ranar Juma'a zan ba su amsa. Shekara uku ke nan muna Toronto, ni da mai ɗakina da yara uku, a ɗakin ƙarƙashin ƙasa mai ciki biyu, dala 2,100 duk wata. Yanzu na samu aiki a wani gidan kula da tsofaffi, a ƙaramin gari mai tafiyar minti 40 daga birnin Brandon, kuma sun ce za su tsaya min a takardar zaman dindindin ta shirin lardin Manitoba. Matsalar ita ce iyalina ba ta tuƙi, mota ɗaya gare mu, ni kuma aikin dare zan riƙa yi. Mota ɗaya za ta riƙe mu? Nawa ɗumama gida ke ci a hunturu? Don Allah wanda ya zauna a irin garin nake son ji.

Abu Khalil: Wa alaikumus salam. Ka yi istihara, ka tafi. Toronto ta mai kuɗi ce.

Ɗan Fagge: Malam, mu da ke Kano muna neman ko ƙauyen ne a ba mu, kai kana zaɓe. Ka tafi, ka bar min adireshin ɗakin ƙarƙashin ƙasar, ni ko rami ne zan shiga.

Malam Direba: Ina bin hanyar nan da tirela duk mako. Daga Brandon zuwa Winnipeg awa biyu da ɗan wani abu ne, titi miƙaƙƙe kamar an ja shi da zare, dama kanola hagu alkama. Akwai masallaci a Brandon, Juma'a ba za ta wuce ka ba. Gida sukutum da fili za ka samu a dala 900. Ka dai saba da jona wayar ɗumama injin mota a soket kafin ka kwanta, in ba haka ba da safe ko tari ba za ta yi ba.

Anti Rabi Winnipeg: Dala 900 a wace shekarar, Malam Direba? Ƙanwata ta nemi gida a Brandon bara, ba ta samu ƙasa da 1,500 ba.

Malam Direba: Ai ba cikin Brandon ya ce ba, Anti. A karanta tambaya.

Maman Sadiq: Baban Hanifa, ka ba matarka wayar ta karanta wannan da kanta, don ita zai shafa. Mun yi shekara biyu da wata huɗu a wani ƙaramin gari a Saskacewan, kuma mu ma da wannan lissafin muka tafi: haya mai sauƙi, takarda da wuri. Maigidana yana aiki nesa, sai ya yi kwana huɗu bai dawo ba, motar tana wurinsa. Babu bas, babu tasi. Gwamnatin lardin ta rufe kamfanin bas ɗinta tun 2017, kamfanin bas na Greyhound ma ya janye daga yammacin Kanada a 2018, to in ba ki da mota ke da ɗaurarre duk ɗaya. Hunturun farko na yi kwana 19 ban taka ƙofar waje ba, ina ƙirgawa a kalandar kicin. Ƙarfe biyar duhu ya rufe. In na leƙa taga babu abin gani sai fari fat har ƙarshen ido, da rumbun hatsi guda can nesa. Na kai har ina kunna rediyo da Turancin da ba na bi sosai don kawai in ji muryar babba a gidan.

Abin da ya kore mu shi ne hayaƙin gobarar daji na 2023. Wutar ba ta zo kusa da mu ba, tana can arewa, amma rana ta koma ja kamar ƙwallon goruba, wanki in ka shanya ƙauri yake yi. Sadiq yana da asma. Wani dare ƙirjinsa ya toshe, abin shaƙarsa ya ƙi yi masa aiki. Na buga wa maƙwabciyata ƙofa ƙarfe ɗaya, tsohuwa ce mai shekara 70 da wani abu, ta fito da rigar barci ta tada mota. Muka isa ɗan asibitin garin, sai ga takarda manne a ƙofa: sashen gaggawa a rufe har safe, babu likita. Minti 55 muka ƙara zuwa gari na gaba, tana tuƙi a hankali saboda barewa da ke tsallaka titi, ni ina baya rungume da yaro ina karanta duk abin da ya zo bakina. Allah ya yi da sauran kwana. Washegari na ce wa Baban Sadiq ko da shi ko babu shi ni na tashi.

Mutanen ba su yi min komai ba, haƙƙinsu ba zai kama ni ba. Tsohuwar nan har yau muna waya. In kaka ta yi suna haɗa babban cin abinci a zauren gari, kowa ya kawo kwanonsa, su ma sun san ba ma cin alade har suna nuna min wanda zan guje wa. Amma kirkin mutane ba ya zama likita ƙarfe ɗayan dare.

Ummu Yasmin: Innalillahi. Sannu Maman Sadiq, jikina har ya yi sanyi. Yaya yaron yanzu?

Maman Sadiq: Alhamdulillahi, ya girma, har yana buga hoki.

Injiniya B.: Allah ya ƙara lafiya Hajiya, amma Saskacewan daban, Manitoba daban. Lantarkin Manitoba daga madatsun ruwa yake, yana cikin mafi araha a ƙasar. Mu a Janairu, da sanyi ya kai 35 ƙasa da sifili, dala 180 muka biya. Hayaƙi kuwa har Toronto ya je a 2023, ina za ka gudu?

Anti Rabi Winnipeg: Kai sabon gida kake ciki, Injiniya. Tsohon gidan gona mai tagogin zamanin da, ka shirya 400. Kuma kar a ce Manitoba ta tsira: a Mayun 2025 an kwashe garin Flin Flon kakaf, Firimiyan lardin Wab Kinew ya kafa dokar ta-ɓaci, mun ga mutanen da idonmu an jibge su a Winnipeg da jakunkuna.

Injiniya B.: Flin Flon tana cikin daji can arewa, shi gonaki zai je. Kuma Anti, da girmanki, Winnipeg birni ce. Kin taɓa kwana a ƙauyen?

Anti Rabi Winnipeg: Shekarata 14 a lardin nan, yaro. Lokacin da na zo kana rubuta jarrabawar fita sakandare.

Ɗan Fagge: Ni da ban taɓa ganin dusar ƙanƙara ba sai ta cikin firiza, na janye shawarata. Amma an ce sauron Manitoba sai ya duba fasfo kafin ya ciji mutum, gaskiya ne?

Malama Hadiza: Ni a Neepawa, wani ƙaramin gari a Manitoba, nake koyarwa, kuma ina jin daɗin zaman. Yara sun fi samun kulawa, aji ba cunkoso, bas ɗin makaranta mai ruwan ɗorawa har bakin ƙofa. Mai ɗakin karatun garin ce ta fara nuna min gidan marubuciya Margaret Laurence, ta ce ai ta zauna a Ghana daga 1952 zuwa 1957, tun daga nan muka ƙulla. Ranar 30 ga Satumba yara za su sa riga ruwan lemo don tuna 'ya'yan 'yan asalin ƙasar da aka raba da iyayensu aka kai makarantun kwana, ka shirya amsa tambayoyi a gida. Abu ɗaya: kar ka tsoma baki a siyasa. Yawancin manoman nan 'yan jam'iyyar Conservative ne. Mijina ya taɓa yabon harajin hayaƙi a shagon kofi, wai ai a lokacin ana maido wa mutane kuɗin, na karkara har da ƙarin kashi 20, shagon ya yi tsit. Firaminista Mark Carney ya cire shi daga kan man fetur a Afrilun 2025, har yau ba su huce ba. Matarka kuwa ta koyi tuƙi kafin ku taso, wannan ba shawara ba ce, sharaɗi ne.

Baban Hanifa: Na gode ƙwarai, Malama. To batun mota ta biyu fa, nawa zan ware? Kuma nama a ina kuke samu?

Abu Khalil: Nama ba matsala. Ku haɗu ku yi watanda, manomi ya kai saniya mayanka, Musulmi ya yanka. Mu kashi ɗaya dala 250.

Ummu Yasmin: Dala 250? To mu me ya sa aka karɓi 340 a watandar Babbar Sallah? Kuma da na buɗe ledar rabi ƙashi ne da kitse. Hanta ko ƙyallinta ban gani ba, balle tumbi.

Abu Khalil: Da kuɗin mai da na fiɗa a ciki, Hajiya. Awa uku aka yi a hanya.

Anti Rabi Winnipeg: Yawwa, gara da aka taso da maganar. Mutum bakwai muka zuba kuɗi, kashi takwas aka raba. Na takwas ɗin na wane ne? Kai da ƙafafu kuma wa ya ci?

Malam Direba: Ni dai ɗauko naman kawai aka ce in yi, ba ni na raba ba.

Baban Hanifa: Jama'a, batun motar…

Ummu Yasmin: Ɗan dakata Baban Hanifa, za a zo kanka. Abu Khalil, ka turo hoton rasit ɗin manomin nan kowa ya gani.