Jan bulo ko na siminti? Magini ya ba ni zuwa Asabar

Mai neman shawara: Assalamu alaikum 'yan uwa, kaina ya ɗaure. Shekara tara muna haya a Mabera, cikin garin Sakkwato, ɗaki biyu, rufin kwano ba silin. In Afrilu ya kama, zafi ya haura digiri 40, har tsakar dare bango na huci kamar tanda. Uwargida jiƙa zane take yi ta lulluɓa wa yara, duk da haka ƙuraje sun cinye musu wuya. Bayan rasuwar Baba, Allah Ya jiƙan shi, munka raba gado, na sai da kasona na gona a Wamakko, abin da ƙanena bai yafe mini ba har yau, na sayi fili hamsin da ɗari wajen Bado. Nufina in yi gini da jan bulo, wanda ake matse jar ƙasa da ɗan siminti a inji, don an ce yana riƙe sanyi. Surukina ya ce bai ba ni ɗiyarsa don in kai ta gidan ƙasa ba. Magini kuma ya ce in yanke shawara kafin Asabar. Mi zan yi?

Injiniya: Malam, ba bulo ne matsalarka ba, rufi ne. Kwano ke dafa mutum. Ka ɗaga bango, ka bar tazara tsakanin kwano da silin, ka huda ƙofofin iska sama don zafi ya fita. Tagogi kudu da arewa, suna kallon juna. Bangon yamma ka rufe shi, ka dasa dogon yaro nesa kaɗan da tushe. Francis Kéré, mai zanen gine-gine na Burkina Faso, haka ya gina makarantar ƙauyensu Gando, bulon ƙasa da rufi a ɗage, har ya ci Pritzker, babbar kyautar masu zanen gine-gine ta duniya, a 2022.

Hajiya: Ni dai a soro na tashi, tubali da azara, ko fanka ba mu sani ba. Amma duk shekara kafin damina sai an yi yaɓe, indararo ɗaya ya toshe sai ka kwana tara kwanoni. Yanzu wa zai yi maka makuba? Kuma mai gidan da nake haya ya sare bedin ƙofar gida, wato dogon yaro, ya yi shago, ko sallama bai yi mana ba.

Ɗan Kalambaina: Ga kamfanin siminti a bayan gidanka, kana neman ƙasa? Yi bulo inci tara, sa sola da fanka, ka huta.

Injiniya: Bulon siminti mai rami ba ya tare zafi kamar bangon ƙasa mai kauri. Batir kuma shi ma zafin Sakkwato ke kashe shi da wuri. Malam, ina zanen gidan? Ina falo ke kallo?

Mai neman shawara: Ai an riga an zuba tushe tun bara. Falo da ɗakin uwargida yamma suke kallo, don nan titi yake.

Injiniya: Inna lillahi. Shi ne ba ka faɗa ba tun farko? Rana tun azahar har magariba a kan tagarta za ta ƙare.

Mai neman shawara: To in juya wa titi baya? Magini na ya yi shekara ashirin yana aiki, bai ce komai ba. Labule mai kauri zai tare.

Hajiya: Ka saki baranda mai faɗi ta wajen, ɗana. Kuma ka je ka lallashi ƙanenka.

Ɗan Kalambaina: Ni maginina ya cinye mini buhu goma sha biyu ya gudu. Kar ka ba kowa kuɗi gaba ɗaya.

Mai neman shawara: Na gode, amma har yanzu ba wanda ya ce mini ja ko siminti. Akwai mai injin matse bulo a cikin gari?