Bayan Janye Tallafin Mai: Abin da Aka Ba da Shawara

Wata tattaunawa da aka yi kan janye tallafin mai ta haɗa manoma, 'yan kasuwa da malaman makaranta, kuma an ɗauko zancen ne daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur. Ba a jima ana gardama kan janyewar ba. Abin da ya ci lokaci shi ne: ina kuɗin tallafin suka tafi?

Kason da jihohi ke karɓa daga Abuja ya ƙaru, don haka mafi yawa suka ce a matsa wa gwamnoni su riƙa buga abin da suka karɓa da abin da suka kashe kowane wata. Aka kuma nemi a aiwatar da hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024, ƙananan hukumomi 774 su karɓi kuɗinsu kai tsaye.

Manoma ne suka fi taɓa ni. Sun ce rabon buhun shinkafa kwana nawa zai yi a gida? A yashe magudanan ruwan Tiga, Bakolori da Goronyo, a kawo taki kafin damina ta faɗi, ba bayan shuka ta yi girma ba. Famfon ban ruwa mai amfani da hasken rana zai raba su da sayen fetur. Amma duk wannan sai da tsaro, domin gonar da ba a iya zuwa ba ta ciyar da kowa.

Malamai suka tunatar cewa mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 bai shafi mai facin taya ko mai koko ba.