Neman kalmar Hausa: me za mu kira kwilt? Ina da rediyo ranar Alhamis

Maman Hafsa, Mabera:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Taimako nake nema, kuma na gaggawa. An gayyace ni filin mata na wani gidan rediyo a nan Sakkwato, za a naɗi shirin ranar Alhamis da ƙarfe 10 na safe, in yi bayanin ɗinkin da nake yi don sha'awa. Mai gabatarwa ta ja min kunne kada in cika ta da Turanci, wai masu saurarenta har Illela da Tangaza. To kalmomi uku sun tsaya min a wuya.

Ta farko, abin da Turawa ke kira kwilt. Hawa uku ne: sama ƙyallaye da aka yayyanka aka harhaɗa suka ba da zane, tsakiya auduga, ƙasa yadi guda. Sai a bi ukun da ɗinki daga wannan baki zuwa wancan don kada audugar ta dunƙule in an wanke. Ta biyu, sitash, wato tarin yadi da ƙyallayen da mai wannan ɗinki ke ajiyewa. Nawa bakko huɗu ne da akwatin ƙarfe na gadon Inna. Ta uku, wanda aka fara ba a gama ba, su suna ce masa UFO don zolaya. Farkon shekarar nan na ƙirga nawa, guda 9. Na gama 3. A cikin 6 da suka rage akwai wanda na fara a 2019 don kayan ɗakin Hafsa, ga shi yanzu 'ya'yanta biyu.

Anti Tela:
Wa alaikumus salam. Bargon ƙyalle. Abin bai kai a tara mutane ba, Hajiya.

Ɗan Kurmi:
Ko bargon faci.

Anti Tela:
A'a. Faci ko maho sai inda ya yage ake yi. Ita lafiyayyar atamfa take sa wa almakashi, na gani da idona, har raina ya ɓaci.

Maman Hafsa, Mabera:
Anti za ki tona min asiri! Amma bargon ƙyalle saman kawai ya faɗa. Audugar fa? Ɗinkin da ke riƙe ukun fa? A wurin masu abin, in babu wannan ɗinkin bai zama kwilt ba tukuna, kuma a nan duk nawa shidan suka maƙale. Saman daɗi gare shi, sai dai ka kiyaye rubu'in inci a kowane baki, keke ya yi ta gudu. Bin hawa uku da allura kuwa, sai ka yi sati kana kan kusurwa guda.

Baba Kanwuri:
Ɗiyata, wanga abu da kika hwaɗi lihidi na. Yadi bisa, yadi ƙasa, abduga ko ta rimi tsaka, a bi shi da ɗunki gida-gida. Shi na anka sa ma dawaki da mahaya don kibiya. Kakanninmu sun san shi tun ba a san Bature ba ƙasag ga. Ranar Tabkin Kwatto, 1804, Gobirawa ad da 'yan lihidi, jama'ar Shehu baka da kibau gare su, kuma kowa ya san yadda ta ƙare. Hito ranar hawan salla ki gani da idonki. Mi za a kai mu neman suna waje?

Bagobirin Arkilla:
Baba, Allah shi ba ka haƙuri, ana maganar bargo ka jawo mu ciki. Amma dai ka amsa da bakinka cewa mu ne masu kayan.

Maman Hafsa, Mabera:
Wallahi Baba ka buɗe min ido, ban taɓa haɗa su ba. Hanyar ɗinkin ɗaya ce. Sai dai in na ce a rediyo na yi wa jikata lifidi, ai cewa za a yi doki aka haifa.

Mai Nahawu:
Ku dakata. Duk abin da kuka kawo dogon zance ne, ba suna ba. Harshen da ke son ya rayu ƙirƙira yake yi. Na zauna na duba, kalma ɗaya ta wadatar: HARHAƊAU. Daga harhaɗa. Gajera ce, tana da daɗin faɗa, yaro ma zai riƙe. Jam'inta harhaɗai. Mai yin sa maharhaɗiya. Tarin ƙyallayen maharhaɗa. Kun ga kalma ɗaya ta haifi iyali guda.

Ɗalibar Jami'a:
Allah gafarta Malam, ɗafin -au ai mai aikin yake nunawa. Mantau mai yawan mantuwa, makarau mai yawan makara. Ke nan harhaɗau ita ce Maman Hafsa, ba bargon ba.

Ɗan Kurmi:
Kuma da bargo shida a ajiye, makarau ta fi dacewa da ita.

Maman Hafsa, Mabera:
Zan rama, Ɗan Kurmi.

Mai Nahawu:
Yarinya, karatun aji daban, jin harshe daban. Ɗafi ba ya hana ma'ana ta faɗaɗa. In aka faɗi harhaɗau sau uku a rediyo, ranar Juma'a za ki ji ta a Tsohuwar Kasuwa. Haka kowace kalma ta fara.

Anti Tela:
Malam, ni a kasuwar nake wuni. In mace ta zo shagona ta ce in ba ta harhaɗau, wurin mai kwaɗon rama zan tura ta.

Ɗan Kurmi:
Ni fa ban ga abin wahala ba. A ce kwil kawai a huta. Mun ce mota, mun ce rediyo, sama ba ta faɗo ba.

Mai Nahawu:
Ga irinta nan. Lalaci. Duk abin da Bature ya kawo sai mu lanƙwasa baki mu haɗiye. Shi ya sa yaranmu ba su iya ƙirga ɗari da Hausa ba. Ni ba zan sa hannu a aro ba.

Ɗalibar Jami'a:
To Malam, a buɗe akwatin ɗinkin mu gani. Allura da almakashi daga Larabci. Katifa ma haka. Tela, yadi, faci, inci daga Turanci. Keke daga Yarbanci. Lifidin Baba ma asalinsa Larabci ne. In aka mayar wa kowa kayansa, da zare kawai za a bar Anti.

Mai Nahawu:
Aron da ya shekara ɗaruruwa ya zama ɗan gida. Ba shi nake nufi ba, kin sani.

Ɗan Kurmi:
Af, ashe baƙo in ya daɗe yana zama ɗan gari. To a ba kwil masauki, shi ma zai daɗe. Sannan Baba, da girmanka, lifidi ake rubutawa, da f. Haka yake a daidaitacciyar Hausa.

Baba Kanwuri:
Wa yad daidaita ta? Turawa sunka zamna Kano sunka rubuta abin da sunka ji bakin 'yan kasuwa, shi na kuka kira daidai. Nan garin anka yi waƙoƙin Nana Asma'u da Hausa tun boko bai zo ba. Kai da kaz zo saida atamhwa za ka gyara min baki?

Ɗan Kurmi:
Tuba nake, Baba. Amma atamfar da nake sayarwa ita 'yarka ke yayyankawa, ka ga ni ma ina da hannun jari a maganar.

Bagobirin Arkilla:
Ku ci gaba, ni daɗi nake ji. Yau Bakano ne a hannu, ba mu ba.

Hajiya Runjin Sambo:
Ni abin da ya dame ni daban ne. Ƙyalle ɗin nan a cire shi. Mace mai mutuncinta ta fito rediyo ta ce tana tsince-tsince a shagon teloli tana yin bargo? Gobe a gidan biki za a fara nuna ta da baki, a ce abin ya kai su ga lulluɓa da tsumma. Mun san halinmu. A ce bargon ado, ko bargon zane, abin da zai ɗaga darajar aikin.

Maman Hafsa, Mabera:
Hajiya, na gode da kishina, amma a nan ba mu daidaita ba. Wanda na fi so cikin ukun da na gama bana, ba sabon yadi ko ɗaya a samansa. Akwai shuɗiyar atamfar da Inna ta fi ɗaurawa, wadda gefenta ya koɗe saboda goyo. Akwai guntun shaddar sallar maigida ta shekarar da muka tare a Mabera, da ankon bikin ƙanwata, har da aljihun rigar makarantar autana, da ɗigon tawada a jiki, na bar shi da gangan. Ranar da na shimfiɗa shi a tsakar gida, yayata ta durƙusa tana bin gidajen da yatsa tana kiran sunan mai kowane zane, da ta zo kan na Inna sai ta yi shiru. In na kira shi bargon ado na yi masa ƙarya.

Ɗalibar Jami'a:
Kuma a can Amurka ma da tsofaffin kaya abin ya yi suna. Akwai wani ƙauye a jihar Alabama, Gee's Bend, matan baƙaƙen fata jikokin bayi, da tsofaffin wandunan aikin gona da buhuna suke yin nasu don maganin sanyi. A 2002 aka baje su a gidan adana kayan fasaha na Houston, a 2006 hukumar gidan waya ta Amurka ta buga hotunansu a kan sarki.

Hajiya Runjin Sambo:
Can Amurka ke nan. Nan Sakkwato ce.

Mai Nahawu:
Kun ga amfanin harhaɗau? Ba ƙyalle a ciki, ba tsumma, ba wanda zai ji kunya. Hajiya, ki mara min baya.

Hajiya Runjin Sambo:
Malam, ban ma iya faɗarta ba sai da na cire gilashi.

Anti Tela:
Jama'a, baiwar Allah nan kalma uku ta tambaya, kun kwana kan ɗaya. Tarin ƙyallaye dai rumbu ne. Rumbun ƙyalle. Ana zubawa, ana ɗiba, kuma mai shi ba ya son a leƙa a ga yawansa.

Maman Hafsa, Mabera:
Wannan ya zauna daram. Maigida bakko biyu ya sani. Na yi alkawari a watan Muharram ba zan ƙara sayen ko yadi ɗaya ba sai rumbun ya ragu, ban kai Rabi'ul Awwal ba na karya, saboda wata ruwan goro da na gani a babbar kasuwa. Ga telan unguwarmu kuma duk Juma'a sai ya aiko yaro da leda cike.

Mai Nahawu:
Taska ta fi rumbu. Rumbu na hatsi ne. Ko da yake maharhaɗa na nan.

Bagobirin Arkilla:
Taska ta masu zinari ce, Malam. Bar mu da rumbu.

Ɗan Kurmi:
Wanda ba a gama ba kuwa, kwantai. Mu 'yan kasuwa mun san zafinsa.

Anti Tela:
Kwantai an gama shi, mai saye ne babu. Wannan ko ba a gama ba. Mu dai a shago cewa muke ɗinki ya kwana.

Baba Kanwuri:
To ku ce kwanannen ɗunki, awa tuwo. Randa ta ɗauko shi ta ƙarasa, ta yi ɗumame.

Maman Hafsa, Mabera:
Baba, Allah shi ƙara girma! Ɗumame! Wallahi haka abin yake, har ɗan warin akwati yake yi in na ɗauko. Ke nan bana na yi ɗumame uku, saura shida, kuma na Hafsa ya kwana shekaru.

Ɗan Kurmi:
Wannan ya wuce ɗumame, sai dai a ba kaji.

Maman Hafsa, Mabera:
Saura gefe biyu da baki kawai, kafin hunturu in sha Allah yana gadon jikata. Ga abin da na rubuta a takardata, don dare ya yi: kwilt, bargon ƙyalle. Ɗinkin da ke riƙe hawa ukun, ɗinkin lifidi, kuma zan faɗi inda aka samo shi. Sitash, rumbun ƙyalle. UFO, kwanannen ɗinki, ƙarasa shi kuma ɗumame. Bargon ƙyalle bai gamsar da ni ba har yanzu, don in an yi shi da yadi guda ba haɗi, sunan ya faɗi. Amma ba ni da wanda ya fi shi kafin Alhamis.

Hajiya Runjin Sambo:
Tunda kin nace. Ki dai ce wasu sababbi ne kike saye da kuɗinki.

Baba Kanwuri:
Lihidi za ki ce, da h. Gidan rediyon Sakkwato na, ba na Kano ba.

Mai Nahawu:
Ban amince ba, a rubuta. Kalma biyu-biyu duk, kamar masu tallan magani. Ko sau ɗaya ki ce "wasu masana na kiransa harhaɗau", ki ga abin da zai faru.

Ɗalibar Jami'a:
Masana nawa, Malam?

Maman Hafsa, Mabera:
An naɗa, alhamdu lillahi. Rumbun ƙyalle da ɗumame sun ba mai gabatarwa dariya har sai da aka tsayar da na'ura. Lifidi ya fito da f, Baba ka yafe ni, bakina ne ya riga ni. Malam, na faɗi harhaɗau sau ɗaya saboda girmanka, ta ce in maimaita, na maimaita, ta ce za ta duba ko lokaci zai isa. Ita kuwa da ta zo rufe shirin sai ta ce "mun gode wa Hajiya mai bargon haɗe-haɗe", kalmar da ba wanda ya kawo ta a nan.

Mai Nahawu:
Haɗe-haɗe da harhaɗau saiwarsu ɗaya. A lura da wannan.

Anti Tela:
Hajiya, leda biyu na nan na tara miki, har da ragowar leshin amarya. Ki aiko yaro kafin la'asar, in ba haka ba mai katifa zai kwashe.